Ziyarar Tsibirin Biyoko: Yadda Iyali Za Su Shirya Masauki Da Wuraren Gani



Duk wanda ya taɓa zuwa Limbe ya tsaya a bakin teku ranar da gari ya washe, ya ga wani babban dutse can cikin ruwa, kamar hadari ya taso bai gama haɗuwa ba. Wannan dutsen a kan tsibirin Biyoko yake, a ƙasar Gini Ikwatoriya. Bara a hutun watan Disamba Allah ya nufe mu da zuwa can, mu shida: Baba, Umma, Kaka mahaifiyar Umma, ni, ƙanwata da autanmu. Dalilin tafiyar shi ne Kawu, ƙanin Umma, wanda yake kasuwanci a Malabo, ya daɗe bai zo gida ba, ita kuwa Kaka ta ce sai ta ga inda ɗanta yake kwana da idonta. Kusan shekara biyu Baba yana tara kuɗin tafiyar nan. Saboda haka ba tafiya ce da za a yi da ka ba, don in kuɗin ya salwanta babu wani a bayansa.

Da muka dawo, mutane da yawa a unguwa sun riƙa tambayarmu yadda aka yi. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da muka koya, har da inda muka yi kuskure, ko wani gida zai amfana.

Wane irin wuri ne Biyoko?

Tsibirin yana da nisan kilomita 32 kacal daga gaɓar Kamaru, kuma faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 2,000. Babban birninsa Malabo yana bakin teku ta arewa. Mutanen asalin wurin su ne Bubi. Wani Bature ɗan Fotugal mai suna Fernando Po ya iso wajen 1472, aka daɗe ana kiran tsibirin da sunansa. A 1778 Fotugal ta miƙa shi ga Sifaniya, a 1827 Turawan Ingila suka kafa sansani a inda Malabo take yanzu, ƙasar kuma ta samu 'yancin kai a 1968. Garin da ake ce wa Santa Isabel ya koma Malabo a 1973. Tsofaffinmu da suka san zamanin da 'yan Nijeriya ke zuwa aikin gonakin koko a can suna ce wa wurin Panya, wato daga sunan Sifaniya a bakin masu ita.

Abin da ya fi muhimmanci ga matafiyi shi ne ya gane cewa tsibirin nan gaba ɗayansa aman wuta ne ya gina shi. A ƙarƙashin ƙasa akwai narkakken dutse mai tsananin zafi. In ya samu kafa sai ya ɓullo sama, ya malale, ya huce, ya daskare. Wani ya zo ya hau kan wancan, haka haka shekaru masu ɗimbin yawa, har tudun ya taso daga ƙasan teku ya leƙo waje. Manyan duwatsu uku ne suka haɗu suka yi Biyoko: Basile a arewa mai tsayin mita 3,011, da Biyawo, da na Luba a kudu, kowannensu ya haura mita 2,000. Jeri ɗaya suke da Dutsen Kamaru na Buya da tafkin Niyos, jerin kuma ya miƙe cikin teku har tsibiran Firinsife, Sawo Tome da Annobon. Ita kanta tashar jiragen ruwan Malabo a bakin wani tsohon ramin aman wuta take, wanda teku ya cike.

Da Kaka ta ji wannan bayani sai ta ce: "Yanzu kan wuta za ku kai ni in kwana?" Baba ya yi dariya ya ce: "Hajiya, ai mu ma nan Duwala maƙwabtan wutar ne." Gaskiyarsa kuwa. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, har narkakken dutse ya tare hanyar mota kusa da Bakingili. Shi kuwa Basile rabonsa da tashi tun 1923. Masana ba sa cewa ya mutu, barci yake yi, amma abin da zai dami baƙo a can ba wuta ba ce. Ruwan sama ne, da hazo, da sanyi, da hanyoyi masu hawa da gangara. Duk waɗannan kuma dutsen ne ya jawo su, don haka wanda ya fahimci dutsen ya fahimci rabin shirin tafiyarsa.

Lokacin tafiya

Iska mai ɗauke da danshi tana tasowa daga teku ta kudu. In ta ci karo da dutse sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa kudancin tsibirin ya fi arewa ruwa nesa ba kusa ba. Ƙauyen Ureka da ke can kudu yana samun ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a Afirka. Ku da kuke kukan ruwan Duwala, to wannan ya ninka shi fiye da sau biyu.

Lokacin da ya fi dacewa da iyali shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwa ke ja da baya. Hanya ba ta da santsi sosai, wanki yana bushewa, kuma ya dace da hutun makaranta. Sai dai a tuna ƙarshen Disamba lokacin bukukuwa ne, masu tafiya suna da yawa, kuɗin jirgi da na masauki sukan tashi. Wanda ya yanki tikiti da wuri shi ne ya tsira. Mu tun watan Oktoba Baba ya yanka namu.

Takardu kafin komai

Kar a biya kuɗin masauki ko na jirgi sai an tabbatar da takardu. Kowane mutum da fasfonsa, har jariri. Kowa da katin allurar rigakafin shawara, don ana tambayarsa a filin jirgi. Yara a riƙe musu takardar haihuwa. Kamaru da Gini Ikwatoriya duk suna cikin ƙungiyar CEMAC, kuɗinsu ɗaya ne, wato sefa irin tamu, agogonsu ma ɗaya. Amma ƙa'idar shiga ƙasa takan canza, kuma abin da ake nema a hannun ɗan Kamaru ko ɗan Chadi ba lallai ya zama shi ake nema a hannun ɗan Nijar ko ɗan Nijeriya ba. Maigida ya je ofishin jakadancinsu da ƙafarsa ya tambaya, kar ya dogara da "wane ya ce". Zuwa da kai ya fi aike.

A yi wa kowace takarda kwafi biyu, ɗaya a jakar Baba, ɗaya a jakar Umma, a kuma ɗauki hotonsu a waya. A can akwai shingayen bincike a kan hanyoyin da suka fita gari, kuma ana son baƙo ya kasance da shaidarsa a jikinsa duk inda za shi. A rubuta adireshin masauki da lambar wanda zai tarbe ku a takarda, domin ana iya tambaya tun a filin jirgi, waya kuma tana iya mutuwa a lokacin da aka fi bukatarta.

Daga Duwala zuwa Malabo a jirgin sama kamar rabin awa ne. Kaka ba ta gama jan carbinta ba aka ce a ɗaura ɗamara za a sauka.

Zaɓen masauki

Nan ne kuɗi ya fi tafiya, nan ne kuma aka fi yin nadama. Tun da aka fara haƙar mai a ƙasar a shekarun 1990, Malabo ta zama gari mai tsada, yawancin kayan abinci ma daga waje ake kawo su, wasu daga nan Kamaru. Iyali suna da hanya uku.

Ta farko, sauka a gidan ɗan uwa. Ita ce mafi sauƙi a aljihu, mafi daɗi a zumunci, amma a duba hali. Kawu ɗaki biyu gare shi, da matarsa da yara uku. In muka ƙaru mu shida, mun zama goma sha ɗaya a kan banɗaki ɗaya. Shi dai ya dage ya ce: "Yaya, ai abin kunya ne ku zo garin da nake ku kwana a haya." Umma ta ce masa: "Ba ƙin gidanka muka yi ba, tausayin matarka muke ji." Aka yi sulhu: Kaka ta sauka a wurinsa, tun da don shi ta zo, mu kuma aka nema mana wuri kusa.

Ta biyu, otel. Yana da kyau ga mutum ɗaya ko biyu masu kwana biyu. Ga iyali kuwa dole a kama ɗaki biyu ko uku, kuma ba a girki, kowane cin abinci sai an saya. In aka lissafa mutum biyar sau uku a rana har kwana shida, an sayi abinci sau casa'in ke nan. Wannan lissafin kaɗai ya sa Baba ya fasa.

Ta uku, gidan haya mai kayan ɗaki a ciki, irin wanda muke ce wa mebule a nan. Shi muka kama: ɗaki biyu, falo da kicin. Umma tana girki, mun san abin da muke ci, yara suna da wurin zama. In aka raba kuɗin a kan kowane mutum, ya fi otel sauƙi sosai.

Kafin a amince da kowane wuri, ga tambayoyin da ya kamata a yi:

Ruwan famfo yana zuwa kullum, ko akwai tanki? Gari mai yawan ruwan sama ba shi ne gari mai yawan ruwan famfo ba.

In wuta ta ɗauke akwai janareta, kuma wa zai sayi mai?

A hawa na nawa ɗakin yake? Tsoho mai ciwon gwiwa da bene hawa uku ba sa shiri.

Tagogi suna da raga? Akwai wurin rataya gidan sauro?

Akwai tukunyar gas da tukwane, ko sai an zo da su?

Me ke ƙasan gidan ko gefensa? In mashaya ce, barci ya ƙare, ga yara kuma.

Minti nawa ne a ƙafa zuwa kasuwa, masallaci da kantin magani?

Kuɗin da aka faɗa na kwana ne ko na mako, kuma wuta da ruwa suna ciki?

Sai babbar ƙa'ida: kar a tura kuɗi gaba ɗaya saboda hoton da aka gani a waya. Mu ma saura kaɗan mu faɗa. Wani ya turo wa Baba hotunan gida mai kyau da araha, ya ce a tura rabin kuɗi a ranar ko wani ya kama. Baba ya ce wa Kawu ya je ya duba. Da Kawu ya isa sai ya tarar gidan na nan, amma yana can bayan gari a kan tudu, hanyarsa ba ta da kwalta, taksi ba ya hawa in an yi ruwa. Ba ƙarya mutumin ya yi ba, abin da ba a tambaye shi ba ne bai faɗa ba. Wanda ba shi da ɗan uwa a can, ya biya na kwana ɗaya ko biyu kawai, in ya gani da idonsa ya ƙara.

Game da unguwa, ga iyali irin namu cikin gari ya fi, kusa da babbar kasuwa ko kasuwar Semu. Sabon ɓangaren da ake kira Malabo 2 yana da manyan tituna da gine-gine, amma komai sai da mota. Sipopo kuwa, da aka gina a gabashin gari saboda taron Tarayyar Afirka na 2011, wurin zuwa kallo ne a dawo, ba wurin kwanan mai ƙaramin ƙarfi ba.

Shin a kwana wuri ɗaya ko a riƙa canzawa? Tsibirin ƙarami ne, yawancin wurare ana zuwa a dawo a yini ɗaya. Ɗaure kaya da kwance kaya da yara wahala ce, don haka mu wuri ɗaya muka zauna har muka taho.

Abinci, salla da lafiya

Musulmi ba su da yawa a ƙasar, amma akwai su, Hausawa kuma sun daɗe suna kasuwanci a can. Malabo tana da babban masallacin Juma'a, kuma nan ne wurin da baƙo zai fara tambaya: ina ake samun naman da Musulmi ya yanka, wane direba ne mai amana. Matambayi ba ya ɓata. In ba a tabbatar da nama ba, ga kifi nan sabo, ga ayabar dafawa, rogo da makani. A kasuwa za a ga naman daji, har da na birai. Ban da maganar halacci, wasu biran tsibirin sun kusa ƙarewa a duniya, kuma an hana farautarsu. A wuce kawai.

Umma ta tafi da yaji, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da garin kunu. Ba su da nauyi, amma sun rage mana kashe kuɗi ƙwarai, kuma Kaka ba ta rasa miyar da ta saba da ita ba.

Kafin mu tashi na tambayi Malam game da kasaru. Ya ce nisan ya kai, amma tun da mun yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu, da mun isa masauki sai mu cika salla. Alƙibla a Malabo tana arewa maso gabas, kusan yadda take a Duwala. Ranar fita yawo a riƙe buta, ruwa da darduma a mota, don a ƙauyukan kan dutse ba lallai a samu masallaci ba.

Zazzaɓin cizon sauro yana nan kamar yadda yake a wurinmu. A tafi da gidan sauro, a sha ruwan gora ko dafaffe. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ya tafi da wanda zai ishe shi har da ƙarin kwana uku, ko jirgi zai yi jinkiri. Rigakafi ya fi magani.

Harshen hukuma da aka fi ji shi ne Sifaniyanci, wasu suna jin Faransanci. Amma abin da ya cece mu shi ne Pichi, wani irin Turancin kasuwa da ake yi a Malabo, ɗan uwan fijin ɗinmu na nan. Duk da haka a haddace 'yan kalmomi: "kuwanto" wato nawa ne, "peskado" kifi, "serdo" alade, "meskita" masallaci, "girasiyas" na gode.

Tsara wuraren gani

Ƙa'idar da Baba ya kafa ita ce: rana ɗaya ta nesa, rana ɗaya ta kusa. Ba a jera tafiya mai nisa kwana biyu, saboda tsoho da ƙaramin yaro. Kuma duk fita kan dutse da sassafe ake yi, domin da rana ta ɗaga gajimare yakan rufe sama, a hau a sauko ba a ga komai ba.

Cikin gari. Ana zagaya tsohon gari a ƙafa, a ga gidajen zamanin Turawan Sifaniya da babbar majami'ar Santa Isabel da aka gama a 1916, mai dogayen hasumiyoyi biyu. Da yamma a je titin bakin teku da aka gyara domin masu shan iska. In gari ya washe, daga nan ana hango Dutsen Kamaru. Abin ya ba ni mamaki: daga Limbe muna kallonsu, daga can suna kallonmu. Akwai kuma babban lambun shaƙatawa a kan hanyar filin jirgi, yara suna sake jiki su yi gudu.

Gonar koko. A Sampaka, kusa da gari, akwai tsohuwar gonar koko tun farkon ƙarni na 20. Toka da dutsen aman wuta in suka ruɓe suna zama ƙasa mai albarka, shi ya sa kokon tsibirin ya yi suna a duniya. A nan ne Kaka ta tuna labarin mutanen da suka tafi Panya tana yarinya, wasu suka dawo, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Luba da Farin Yashi. Luba shi ne gari na biyu, kamar kilomita 50 daga Malabo ta gaɓar yamma, hanya mai kwalta. Kafin a isa akwai bakin ruwan da ake kira Arena Bilanka, ma'ana farin yashi. Sunan yana da dalili: yawancin gaɓar tsibirin baƙin yashi ne kamar na Limbe, don daga baƙin dutsen aman wuta ya marmashe. Baƙin yashi yana ɗaukar zafi da rana, kar yaro ya taka ba takalmi. Kar kuma a bar yaro ya shiga ruwa sai babba na riƙe da shi.

Moka. Gari ne a kan tudu a kudu, tsayinsa kusan mita 1,400. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6, don haka mutum zai bar Malabo yana gumi ya isa Moka yana neman rigar sanyi. Ana noman kayan lambu, ga ciyawa shar kamar a Adamawa. Daga nan ake tafiya a ƙafa zuwa tafkin Biyawo, wanda ruwa ne ya taru a bakin tsohon ramin aman wuta, da kuma wurin da ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Tafiyar awoyi ce, sai da ɗan jagora daga ƙauyen, kuma ba ta tsoho ko mai goyo ba ce. Ni da Baba da Kawu muka je tafkin, su Umma suka zauna a gari suna shan shayi. A ƙauyukan Bubi akwai wuraren da suke girmamawa. In jagora ya ce kar a taɓa ko kar a shiga, a bi maganarsa, garin mutane ne.

Ureka. Can ne kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa rami a yashi su yi ƙwai, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Hanyar tana da gangara mai tsanani, igiyar ruwan wurin kuma tana da ƙarfi. Mun auna kuɗin mota da ƙarfin Kaka, muka haƙura. Ba dole ne a ga komai ba.

Dutsen Basile. Akwai hanyar mota har kusa da ƙololuwa. A can sama akwai na'urorin sadarwa da ake gadi, saboda haka sai da takardar izini ake hawa. Nan ne muka yi kuskurenmu. Mun yi sammako, mun biya direba kuɗin yini, muka isa shinge, aka tambayi takarda, babu. Kawu ya ɗauka Baba ya karɓo, Baba ya ɗauka Kawu ya karɓo. Muka juyo, kuɗin motar ranar ya tafi a banza, ƙanwata har da kuka. Laifinmu ne, ba na kowa ba. Sai bayan kwana biyu, da takarda a hannu, muka hau. Sanyin da na ji a can ban taɓa jin irinsa ba, ga gajimare a ƙarƙashinmu kamar an baza auduga. Darasin shi ne: tun ranar farko a je ofishin kula da yawon buɗe ido a nemi izinin duk wuraren da ake son zuwa, kuma a ɗora aikin a kan mutum ɗaya da sunansa.

Maganar hoto ma a kiyaye. Ba a ɗaukar fadar shugaban ƙasa, filin jirgi, tashar jiragen ruwa, sojoji ko shingen bincike. Mu yara mu ne muka fi saurin ɗaga waya, don haka wannan gargaɗin namu ne. Mutum ma in za a ɗauke shi a nemi yardarsa.

Mota da kuɗi

Cikin gari taksi ya isa, a yi ciniki kafin a shiga. Fita bayan gari kuwa gara a ɗauki mota da direba na yini. A yi magana a fili tun kafin a tashi: wuraren da za a je, wa zai sayi mai, ƙarfe nawa za a dawo. A duba taya da birki, domin sauka daga dutse ya fi hawansa haɗari. A dawo kafin magariba, hazo da duhu in suka haɗu a hanya mai lanƙwasa ba kyau.

Baba ya raba kuɗin tafiya kashi biyar, kowanne a ambulan ɗinsa: jirgi da takardu, masauki, abinci, mota da yawo, sai na biyar da ya rubuta wa "kar a taɓa". Wannan na rashin lafiya ne ko jinkirin jirgi. Daga cikinsa aka cike gurbin ranar Basile, sauran kuma ya dawo gida da mu. A riƙe tsabar kuɗi, da canji ƙanana, don bayan manyan otel da kantuna ba ko'ina ake karɓar kati ba. Kar a tara su a aljihu ɗaya. Kuɗin tsaraba kuma a ware shi tun farko, in ba haka ba shi zai cinye na abinci.

Rabon aiki

Kar a bar wa iyaye komai. Ni aka ba riƙon kwafin takardu da rubuta abin da aka kashe kowace rana. Ƙanwata ita ke kula da gorar ruwa da maganin Kaka. Kowane yaro an sa masa takarda a aljihu mai sunan unguwar da muka sauka da lambar Kawu. Kuma kafin a tsara wuraren zuwa an tambayi kowa abu ɗaya da ya fi so. Ni na ce dutse, ƙanwata ta ce teku, Umma ta ce kasuwa. Kaka ta ce ita a bar ta a tsakar gidan ɗanta da jikokinta, ya ishe ta. Ranar da za mu taho na ga tana ba matar Kawu ragowar daddawa da kuka tana share hawaye, sai na gane ita ce ta fi mu cin ribar tafiyar.

Wanda ke da niyyar zuwa, ya fara da takardu, sannan masauki, sannan izinin wurare, a jere haka. Littafin da na rubuta lissafinmu yana nan, duk mai so ya same ni bayan darasi in nuna masa. Inda na yi kuskure a wannan rubutu malamai su gyara mini. Allah ya kai mu baɗi lafiya, ya saka wa iyayenmu da alheri.